Jego da likita: tarihin kula da mai haihuwa a gida a ƙasar Hausa

1. Gabatarwa

Tun kafin a gina ɗakunan haihuwa a Damagaram da Maraɗi, Hausawa suna da tsarinsu na kula da mace da jinjirinta, wato jego. Wannan takarda za ta bi sawun yadda tsarin ya haɗu da aikin likita, da yadda hukuncin masana a kansa ya sauya.

2. Tsarin gargajiya

Jego kwana 40 ne, ko da yake a haihuwar fari akan zarce, kuma mace takan koma gidan iyayenta goyon ciki. An raba aikin: ungozoma ta yanke cibi ta wanke jinjiri, miji ya tanadi itace, uwa ko gwaggo ta yi wankan jego safe da marece, tana tsoma ganyen runhu ko na tsamiya cikin ruwan zafi tana fyaɗa wa mai jego. Abincinta kunun kanwa ne da nama mai yaji. Manufar ita ce korar sanyi, wanda ake ɗauka shi ne tushen ciwon bayan haihuwa. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954, ya nuna wannan tsari a ƙasar Zazzau.

Al'adar ba a tsaye take ba. Kanwar kunu tana cikin hajar da fatake ke kai wa Kano daga ƙasar Manga, saboda haka jego yana rataye da kasuwa. Bedi kuwa, da ya shiga cikin ganyen wanka, baƙon icce ne da aka yaɗa a zamanin Turawa.

3. Zamanin matron

A shekarun 1960, a jihar Maraɗi, ma'aikatan lafiya da na wayar da kan jama'a suka fara horar da ungozomomin ƙauye, waɗanda aka kira matron. Ƙauye ke zaɓen matar, a koya mata tsabtar hannu da yanke cibi da kayan aiki mai tsabta, da tura naƙuda mai wuya zuwa likita. Belloncle da Fournier sun bayyana wannan gwaji a littafinsu na 1975, shekara 3 kafin taron Alma-Ata na 1978. Sai dai horon ya fi karkata ga ranar haihuwa; kwanakin jego suka zauna a hannun tsofaffi.

4. Muhawarar ciwon zuciya

A shekarun 1970, Davidson da Parry suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke kasawa bayan haihuwa a Zariya. Suka ɗora laifin ga gishirin da ke cikin kanwa da kuma zafin wanka da gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa. Wannan bayani ya daɗe yana yawo cikin littattafan likita.

A Yamai, Cénac da abokan aikinsa suka buɗe wata ƙofa a 1992: sun tarar da ƙarancin sinadarin seleniyom a jinin matan da ke fama da ciwon. A 2020, binciken da Karaye ya jagoranta a asibitocin Nijeriya bai sami alaƙa tsakanin ciwon da wankan jego ko kunun kanwa ba. Abin da ya fito fili shi ne rama, da rashin karatu, da rashin aikin yi, da hawan jinin masu ciki. Ke nan zargi ya tashi daga tukunyar wanka ya koma kan talauci. Wannan bai wanke al'ada duka ba: ƙunar ruwan zafi da zubar da dakashi illoli ne tabbatattu.

5. Kammalawa

A 2022 hukumar lafiya ta duniya ta nemi a duba uwa da jinjiri cikin awa 24 na farko, sannan kwana 2 zuwa 3, kwana 7 zuwa 14, da sati na 6. Sati 6 ɗin nan kusan daidai yake da arba'in. Malamin lafiya sau 4 zai ga mai jego. Mai wanka kuwa tana ganinta sau 2 kullum. Ita za ta fara lura da kumburin ƙafa, da haki, da zazzaɓi, da jinin da ya ƙi tsayawa. Tarihin matron ya nuna ana iya horar da irin waɗannan mata. Tambayar da ta rage ga masu bincike ita ce dalilin da ya sa horon ya tsaya ga yankan cibi.