Gyaran tsofaffin littattafai: Abin da ya wajaba dillali ya bayyana wa mai saye

Tsohon littafi kaya ne da darajarsa ta rataya a kan abubuwa biyu: shekarunsa da kuma halin da ya iso hannun mai shi. Da wuya a sami takardar da ta haura shekara ɗari ba ta yage ba, ko gara ba ta taɓa ta ba, don haka gyara ba abin mamaki ba ne a wannan sana'a. Inda rigima take tasowa shi ne idan an gyara littafi, aka cike giɓinsa, aka maimaita tawadarsa, sannan aka sayar da shi a kan cewa haka ya fito daga hannun marubucinsa. Wannan bayani ya shafi magada masu littattafan kakanni, da dillalai, da ma'aikatan da ke sayo wa ɗakunan karatu da gidajen tarihi kaya.

Kayan da ake magana a kansu

Kwarin Rima na daga cikin wuraren da suka fi tara tsofaffin rubuce-rubuce a ƙasar Hausa. A Gwandu Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna har rasuwarsa a 1829, kuma almajirai sun yi ta juya littattafansa da hannu, irin su Liya'ut Ta'awili da Liya'ul Hukkami da Tazyinul Waraƙati. A Gwandun ne kuma matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya ga kofin Tarihus Sudan a 1853, ya zauna ya kwafi sassansa. Ambursa, wadda ke kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, ta kasance ribaɗi a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, lokacin yaƙe-yaƙen Gwandu da Kabawa, kafin fadar Sarkin Gwandu ta koma Birnin Kebbi a farkon zamanin Turawa. Duk inda sarauta da alƙalanci da karatu suka zauna, takardu sukan taru: Alƙur'anai rubutun hannu, littattafan fiƙihu, wasiƙun sarakuna, da waƙoƙin wa'azi na ajami cikin Hausa da Fulatanci.

Kashi na biyu shi ne na ɗab'i. Akwai bugun farko na littattafan da suka fito daga gasar rubutu ta 1933, kamar Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, da tsofaffin fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a Janairun 1939, da ƙananan littattafan hukumar NORLA na shekarun 1950. Akwai kuma mujallun labari cikin hoto da zane, irin su African Film mai ɗauke da labarin Lance Spearman, wadda matasan birane suka yi rububinta a ƙarshen shekarun 1960. An buga waɗannan ne don a karanta a yar, shi ya sa lafiyayyen kofinsu ya yi wuyar samu a yau.

Abin da ke lalata takarda

Rubutun hannu na ƙarni na 19 galibi a kan takardar da aka yi da tsummokin tufa yake, wadda fatake ke kawowa daga Italiya ta hanyar Tarabulus da Masar. Irin wannan takarda tana da ƙarko. Ba a ɗinke littafin, warƙoƙi ne a sake, a haɗa su tsakanin tadarishi, a ɗaure, a sa cikin gafaka. Wannan tsari yana sauƙaƙa karatu a zaure, amma yana sauƙaƙa ɓatan warƙa da cakuɗewar littafi biyu. Tawadar da aka dafa da bagaruwa da ƙarfe da ƙaro takan ci takarda a hankali idan ta yi ƙarfi, har harafi ya zama huda.

Takardar jarida da ta mujallu kuwa da ɓargon itace aka yi ta. Tana da sinadari mai tsami a jikinta wanda ke sa ta yi ja, ta bushe, ta riƙa karyewa. Ƙarfen da aka ɗinke tsakiyarta da shi yakan yi tsatsa ya ɓata shafukan da ke kusa.

Sauran abokan gaba sanannu ne: gara, kyankyaso, ɓera, yoyon ɗaki, da fumfunar da ke biyo bayan danshin damina, sai kuma bushewar hunturu. Garuruwan bakin fadama suna da ƙarin haɗarin ambaliya, kamar wadda aka yi a 2010 da ta 2020 a Jihar Kebbi. Takardar da ta jiƙa ta bushe ba ta rabuwa da tabon ruwa.

Kiyayewa daban, kwaskwarima daban

Masana adana takardu sun raba aikin gida biyu, kuma fahimtar wannan rabo ita ce ginshiƙin maganar.

Na farko shi ne kiyayewa. Manufarsa a tsayar da lalacewa ba tare da an sauya kamannin abu ba: a share ƙura da burushi mai laushi, a cire ƙarfe mai tsatsa, a liƙe yagewa da siririyar takardar Japan da mannen sitacin alkama, a ajiye littafi cikin kwali marar tsami. Ƙa'idar wannan aiki ita ce duk abin da aka yi ya zama ana iya warware shi daga baya, kuma ido ya iya ganin inda aka taɓa.

Na biyu shi ne kwaskwarima, wato mayar da abu ya yi kama da sabo ko cikakke. A nan ne ake bin dusasshen rubutu da sabuwar tawada, a sake zayyana, a datse gefen da ya cinye don ya miƙe, a wanke takarda da sinadari don ta yi fari, a ɗauko warƙa daga wani kofi a cike giɓi, ko a sauya bango. Wasu sukan wuce nan su rina sabuwar takarda da ruwan shayi ko su turara ta da hayaƙi don ta yi kama da tsohuwa. Wannan na ƙarshe ya fita daga babin gyara, ya shiga na jabu.

Cike giɓi ba baƙon abu ba ne ga malaman ƙasar Hausa. Tun da can, idan warƙa ta ɓace, malami yakan juyo ta daga kofin wani don karatu ya cika, kuma babu mai ganin laifin hakan. Littafin da aka cike yana da amfaninsa ga ɗalibi. Sai dai ga mai binciken tarihi, warƙar da aka rubuta bara ba hujja ba ce a kan abin da aka rubuta a zamanin Sarkin Gwandu Halilu, kuma ga mai saye, ba kuɗinsu ɗaya ba.

Akwai kuma gyaran da ake yi da kyakkyawar niyya amma ya zama ɓarna. Salatif yana barin tabo mai maiƙo da ba ya fita. Gam na kanti yana taurara takarda. Rufe takarda da leda mai zafi, wato lamineshan, yana da wuyar warwarewa ƙwarai, kuma sau da yawa tawada takan bi ledar idan an yi ƙoƙarin cirewa.

Darasi daga kasuwar Amurka

Babu inda wannan mas'ala ta fi fitowa fili kamar kasuwar tsofaffin mujallun zane a Amurka, saboda yawan kuɗin da ke cikinta. Fitowa ta farko ta Action Comics, wadda Superman ya fara bayyana a cikinta a 1938, santi 10 aka sayar da ita a lokacin. A Afrilun 2024 an yi gwanjon kofi ɗaya nata a kan dala miliyan 6. Inda ɗan tabo ko ɗan yagewa ke iya rage dubban daloli, dole a sami masu shafa launi a ɓoye da masu datse gefe.

Wannan ne ya sa aka kafa kamfanin CGC a shekarar 2000. Aikinsa shi ne ya duba mujalla, ya ba ta maki daga 0.5 zuwa 10, ya rufe ta cikin akwatin roba mai haske tare da takardar shaida. Wadda ba a taɓa ba tana samun shuɗiyar takarda, wadda aka yi wa kwaskwarima tana samun shunayya tare da bayanin abin da aka yi mata, daga baya kuma aka ware wata alama ta daban ga wadda aka yi wa aikin kiyayewa kawai. Mujalla mai takarda shunayya takan yi araha sosai a kan 'yar uwarta, amma ana sayenta, domin mai saye ya san abin da ya biya. Har yanzu ana muhawara a can kan danne mujalla da zafi don lanƙwasarta ta miƙe: kamfanin bai ƙirga shi cikin kwaskwarima ba, amma masu tarawa da yawa suna ganin ya kamata a faɗa.

Abin ɗauka a nan shi ne kasuwar ba ta hana gyara ba, ta tilasta bayyana shi ne. A Najeriya babu irin wannan kamfani, don haka nauyin ya koma kan amanar dillali da idon mai saye.

Matsayin shari'a da doka

Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Gwandu da Argungu ya daɗe da warware wannan. Risala ta Ibn Abi Zaid ta haramta algus da yaudara da ɓoye aibi a ciniki. Mukhtasar na Halil ya ɗora wa mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani dalla-dalla ko ya nuna shi, kada ya dunƙule magana. Ke nan dillali ya ce "tsohon kaya ne, ka duba da kanka" bai sauke nauyin abin da ya sani ya yi shiru a kansa ba. Idan aibin ya bayyana, mai saye yana da zaɓin mayar da kaya. Misalin da ya fi kusa shi ne na dabbar da aka bari kwanaki ba a tatsa ba don hantsarta ta cika a kasuwa: hadisi ya hana, ya kuma ba mai saye damar mayarwa. Maimaita tawada don rubutu ya yi kyan gani a idon mai saye irin wannan dabara ce.

Ta fuskar dokar ƙasa, dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC don aiwatar da ita, ta hana bayanin ƙarya ko mai ɓatarwa game da kaya, ta kuma wajabta a sanar idan kaya na hannu ne ko an sabunta shi. Akwai kuma dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa. A ƙarƙashinta, aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918, har da rubutun hannu, yana iya shiga cikin kayan tarihi, waɗanda ba a yarda a sayar wa kowa ba sai wakilin da hukuma ta amince da shi, kuma ba a fita da su waje sai da izini. Don haka magajin da aka yi wa tayin kuɗi a kan Alƙur'anin kakansa ya fara neman bayani daga hukumar kafin ya shiga ciniki.

Yadda ake gane inda aka taɓa

A ɗaga warƙa ga haske. Yawancin takardun Italiya na wancan zamani suna da alamar jinjirin wata uku a cikin jikinsu, da siraran layuka a jere. Warƙar da ba ta da su a tsakiyar masu su abar tambaya ce. Sai dai alamar ita kaɗai ba ta tabbatar da shekara, domin an daɗe ana yin irin takardar, kuma ana iya yin sabon rubutu a kan tsohuwar farar takarda.

A bi kalmar da marubuci ke sawa a ƙasan warƙa, wadda ita ce farkon ta gaba. Inda suka saɓa, akwai giɓi ko cakuɗa. A kwatanta hannun rubutu da kaurin alƙalami da launin tawada daga farko zuwa ƙarshe. A duba hudar ƙwaro da tabon ruwa: sukan ratsa warƙoƙi da yawa a wuri guda, don haka lafiyayyar warƙa a tsakaninsu baƙuwa ce. A karanta ƙarshen littafi inda mai juyawa kan sa sunansa, a lura ko an kankare an sake rubutawa.

Ga littattafan ɗab'i, a auna tsawo da faɗi da wani kofi, a duba ko gefe ya yi fari fiye da sauran takarda, alamar sabon datsa. A ƙirga shafuka, a duba shafin da ke ɗauke da shekarar bugu, domin littattafan Zariya an sha maimaita buga su, kuma tsohon bango a kan sabon bugu ba bugun farko ba ne. Fitilar da 'yan kasuwa ke duba jabun kuɗi da ita tana taimakawa: sabuwar takarda takan yi walƙiya a ƙarƙashinta, manne da launin da aka ƙara sukan fito daban.

Abin da ya kamata a rubuta

Cinikin da ya kai a yi shi da shaida ya kai a rubuta shi. Takardar ta ƙunshi sunan littafi, adadin warƙoƙi, waɗanda suka ɓace da waɗanda aka cike, inda aka maimaita tawada ko aka liƙe, ko bango da gafaka na asali ne, da gidan da littafin ya fito da yardar magada. Abin da dillali yake zato ya kira shi zato. A ɗauki hoto kafin gyara da bayansa, a kuma amince da wa'adin da mai saye zai kai wa masani ya duba, ya dawo da shi idan bayanin bai gaskata ba.

Mai neman shawara yana da wuraren zuwa: Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, Gidan Arewa da Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, tsohuwar fadar da aka mayar gidan tarihi a 1958. Kafin a kai ga masani, abin da ya fi aminci ga mai littafi shi ne ya ɗaga shi daga ƙasa, ya nisanta shi da bango mai danshi da hasken rana, ya riƙa buɗe shi yana dubawa a ƙarshen kowace damina, kuma kada ya liƙa masa komai.