Yadda wuƙar ta ƙanƙance

Ina sabuwar nas a ɗakin mata aka kawo wata dattijuwa, jikarta na riƙe da ita. Shekara huɗu tana fama da ƙaiƙayin gaba, kowa na ce mata sanyi ne. Ta sha jiƙo, ta zauna a ruwan bagaruwa har ta gaji. Na ce, "Iya, me ya hana ki zuwa tun da wuri?" Ta ce, "'Yar nan, wurin ai ba na nunawa ba ne."

Da aka yanki ɗan nama aka kai gwaji, ashe cutar Paget ce, wata sankarar fata mai kama da kirci wadda ba kasafai ake ganinta ba. James Paget na Landan ya bayyana ta a kan nono a 1874, sai a 1901 Dubreuilh na Bodo a Faransa ya gano tana fitowa a farji.

Dalilinta na koma tonon tarihin tiyatar sankarar wannan wuri, kuma abin da na tarar ya tayar mini da tsigar jiki. A shekarun 1940, Stanley Way na Gateshead a Ingila ya tsaya kan cewa a kwashe komai a yanka guda: fatar gaban duka, haɗe da kaluluwar matse-matsi ta dama da hagu. Mata da yawa sun rayu, wannan ba a musu. Amma ɗinki kan ɓalle, mace ta yi makonni kwance da gyambo, ƙafafu su kumbura kamar tundurmi, zancen kwanciyar aure kuwa ba mai ko tambayarta. Ban ga laifin Way ba, don kafinsa yawancinsu mutuwa suke yi.

A 1981 Neville Hacker da abokan aikinsa a Amurka suka nuna ƙananan yanka uku sun wadatar. A 2008 likitocin Groningen a Holan suka ƙara ragewa: in ƙarin ƙarami ne, a ciro kaluluwar farko da cutar za ta bi, in tana lafiya a bar sauran.

Iya dai fatar kawai aka ɗebe mata. Da yake Paget na da halin dawowa, ta riƙa zuwa ana duba ta, kullum da ƙullin daddawa a bakin zane, wai na 'yar da ta yi mata faɗa.