Ruwan da Ke Kashe Kumfa: Daga Zargi Zuwa Wankewa

Uwargida ta fi kowa sanin wannan ruwa. Ana cuɗa sabulu ya ƙi kumfa, butar shayi ta yi farin ɓawo a ciki, tufafi su bushe da kaushi. Asalinsa sinadarai biyu ne, kalsiyam da magniziyam, waɗanda ruwa ke kwasowa yayin da yake ratsa dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato domin yin siminti. Iyalai da yawa na tambaya: abin da ya ɓata buta, ba zai ɓata jiki ba?

Waɗanda suka fara yaƙi da shi tattalin sabulu ne ya dame su. A shekarar 1841 Thomas Clark, farfesan ilimin sinadarai a Aberdeen ta Skotland, ya yi rajistar wata dabara: a zuba ƙonanniyar farar ƙasa gwargwado a cikin ruwan, sai kalsiyam ya kwanta a ƙasa, a tsiyaye na sama. Shi ne kuma ya tsara auna ƙarfin ruwa da yawan sabulun da yake ci kafin ya yi kumfa. A farkon ƙarni na 20 Robert Gans na Jamus ya zo da hanyar da na'urorin gida ke bi har yau, wato a cire kalsiyam da magniziyam, a musanya su da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri.

Daga baya likitoci suka waiwayi batun. A 1960 Henry Schroeder ya kwatanta jihohin Amurka, ya ga mace-macen ciwon zuciya sun fi ƙaranci inda ruwa ya fi waɗannan sinadarai. Binciken da ya biyo baya bai tsaya a magana ɗaya ba, amma bai kama ruwan da laifin cutar da mai shansa ba. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta kafa masa iyaka saboda dalilin lafiya ba. Ko a batun fata, gwajin da aka buga sakamakonsa a 2011, kan yara 336 masu kircin nan mai ƙaiƙayi a Ingila, ya nuna cewa girka na'urar bai ƙara musu sauƙi a kan maganin da suke shafawa ba.

Darasin da ke cikin wannan tarihi ya shafi kowane gida. Ruwan da na'ura mai aiki da gishiri ta gyara yana ɗauke da ƙarin sodiyam, don haka mai hawan jini ko ciwon ƙoda ya tuntuɓi likitansa kafin ya mayar da shi ruwan sha, kuma kada a dama madarar jariri da shi. A bar famfo ɗaya da bai bi ta na'urar ba domin sha da girki. Ɓawon buta kuwa, a tafasa ruwa da lemun tsami a ciki, a ɗauraye, zai fita.

Kumfa ba ma'aunin tsabta ba ce. Ruwan da ke kumfa fal yana iya ɗauke da ƙwayoyin kwalara ko taifot. Idan ana shakkar rijiya ko burtsatse, a tafasa ruwan kafin a ba yara.