Zaɓen Lesotho Na 1998: Yadda Jam'iyya Ɗaya Ta Kwashe Kujeru 79 Cikin 80

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi, ya aiko yana cewa: Wai shin gaskiya ne akwai ƙasar da jam'iyya ɗaya ta cinye majalisa kusan kaf, har aka ƙona kasuwanni saboda haka?

AMSA: To Malam, gaskiya ne, an yi haka a Lesotho. Ita dai Lesotho 'yar ƙaramar ƙasa ce ta duwatsu, wadda Afirka ta Kudu ta kewaye ta ko ta ina, tana da Sarki, mutanenta kuwa wajen miliyan 2 ne.

A watan Mayu na 1998 aka yi zaɓen 'yan majalisa. Jam'iyyar LCD mai mulki ta sami wajen kashi 60 cikin 100 na ƙuri'u, amma ta tashi da kujeru 79 daga cikin 80. Jam'iyyar BNP, wadda kusan mutum ɗaya cikin huɗu ya zaɓa, kujera ɗaya tak ta samu. Pakalitha Mosisili ya zama Firayim Minista.

Za ka ce ta yaya? Ai tsarinsu a lokacin irin wanda aka sani ne a Nijeriya: a kowace mazaɓa, wanda ya fi ƙuri'a shi ke ɗaukar kujera, ko da ƙuri'a ɗaya ya fi. Kamar a ce mutum goma sun yi noma tare, shida suka kwashe rumbu, huɗu suka koma gida hannu rabbana.

'Yan adawa suka ce atafau maguɗi aka yi. Aka ɗauko wani alƙali daga Afirka ta Kudu, Pius Langa, ya jagoranci bincike. Kwamitinsa ya ga kurakurai, amma bai ce a soke zaɓen ba. Masu zanga-zanga suka yi ta zaman dirshan a ƙofar fadar Sarki, wasu ƙananan sojoji kuma suka yi bore.

Ran 22 ga Satumba, 1998, sojojin Afirka ta Kudu suka shiga ƙasar, na Botswana suka biyo baya. Aka yi ba-ta-kashi, mutane da dama suka rasu. Aka wawashe kantuna, aka cinna wa tsakiyar Maseru, babban birnin ƙasar, wuta. Ka ga ɗan kasuwa bai tsaya takara ba, amma jarinsa ne ya zama toka.

Bayan ƙura ta lafa, sai jam'iyyu suka zauna suka gyara mudun awon. Aka mai da kujeru 120: 80 na mazaɓu, 40 kuma ana raba su don cike wa jam'iyyun da suka sami ƙuri'u amma ba su ci mazaɓu ba. A zaɓen 2002 LCD ta sake yin nasara, amma BNP ta sami kujeru 21, wasu ƙananan jam'iyyu ma suka shiga majalisa, ba a kuwa ƙona kantin kowa ba.

Kada dai ka ɗauka rigima ta ƙare ke nan. Daga 2012 gwamnatocin haɗin gambiza suka riƙa rushewa, har aka sake zaɓe a 2015 da 2017. Amma Basotho, wato mutanen ƙasar, sun gane cewa wanda ya faɗi zaɓe, in ya sami wurin zama a majalisa, a can zai kai kukansa, ba a bakin kasuwa ba.

Da fatan Malam ya gamsu.