Ƙaramin Tallafi da Tsaron Kufai: Tarihin Wayar da Kan Jama'a a Kan Kayan Tarihi

Gabatarwa

Duk wanda ya bibiyi tarihin binciken kufai a ƙasar nan zai lura da cewa da yawa daga cikin manyan kayan tarihin da muke alfahari da su, talakawa ne suka fara cin karo da su a bakin sana'arsu, masana kuma daga baya suka zo. Abin da nake nufi da binciken kufai shi ne ilmin gano rayuwar mutanen da suka shuɗe ta hanyar abin da suka bari a cikin ƙasa, kamar tsingaro da gawayi da kashin maƙera da harsashin gini da kaburbura. A wannan maƙala zan bi wannan tarihi a taƙaice, in nuna yadda aka fara ware 'yan kuɗi ƙalilan domin ilmantar da jama'a a kan abin da ke binne a ƙasarsu, sannan in faɗi abin da nake ganin malaman makaranta da dattawa za su iya yi da irin wannan tallafi.

Waɗanda Suka Fara Gani

A shekarar 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yau. An ajiye shi a Jos ba tare da an san muhimmancinsa ba. A 1943 aka kai wa wani jami'in mulki mai suna Bernard Fagg, wanda ya yi karatun binciken kufai, wani kan da aka samo a wurin haƙar kuza kusa da Jama'a. Kafin ya iso hannunsa, wani ma'aikaci ya kafa shi a gonarsa ta doya a matsayin mutum-mutumi. Fagg ya gwama kawunan biyu, ya gane aikin al'umma ɗaya ne. Daga nan ya shiga bin wuraren haƙar kuza yana roƙon ma'aikata su riƙa ajiye duk abin da suka tono. Wannan roƙo ya taimaka ƙwarai wajen tara kayan da aka buɗe gidan tarihi na Jos da su a 1952. A yau masana sun nuna cewa al'ummar Nok ta fara bayyana wajen shekara 1500 kafin Miladiyya.

Labarin kwalekwalen Dufuna ma haka yake. A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya kusa da kogin Komadugu Gana, a yankin da yanzu yake cikin Jihar Yobe, sai ya ci karo da itace mai tauri a can ƙasa. Ya sanar da mai gari, magana ta hau sama har ta kai ga hukuma. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka tone wurin, suka sami kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda gwaji ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000. Shi ne kwalekwale mafi tsufa da aka sani a Afirka. Da makiyayin nan ya faskara itacen ya ci gaba da haƙarsa, da babu wanda zai taɓa jin labarin.

Inda Sani Ya Yi Ƙaranci

Doka dai akwai ta tun da daɗewa. An yi dokar kayan tarihi a 1953, sannan Doka ta 77 ta 1979 ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa. Dokar ta hana fataucin kayan tarihi da fitar da su waje ba da izini ba. Amma Hausawa na cewa rashin sani ya fi dare duhu. Manomin da bai taɓa jin dokar ba, bai kuma san wanda zai kai wa rahoto ba, dillali ne zai fara isa wurinsa.

Abin da ya faru ke nan a shekarun 1990, lokacin da aka shiga tonon sata a ƙasar Nok da wasu yankuna na Katsina da Sakkwato da Zamfara. Ɓarnar ta kai ga a shekarar 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya, wato ICOM, ta sanya kayan yumɓun Nok da na Sakkwato da na Katsina cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari. A wannan shekara aka ga wasu daga cikinsu a gidan tarihi na Louvre a Faris, sai a 2002 Faransa ta amince mallakar Nijeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25. Masanan Jami'ar Frankfurt da suka fara aiki a ƙasar Nok a 2005 sun tarar mafi yawan wuraren an riga an birkice su.

Ya kamata malamai su fahimci girman wannan asara domin su iya bayyana wa ɗalibai. Mai binciken kufai yana karanta ƙasa ne hawa-hawa, na ƙasa ya girmi na sama. Ɗan gawayin da ke kusa da tukunya shi ake aunawa a san shekarunta. Ta irin wannan gwaji aka gane cewa ana narka tama a gindin Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7, wato tun kafin zuwan Bagauda da ɗaruruwan shekaru. Idan ɓarawo ya zare abu daga inda yake kwance, ya watsar da gawayi da tsingaron da ke tare da shi, to ko an dawo da abin daga baya, labarinsa ya riga ya tafi.

Asalin Ƙananan Tallafi

A Ingila an daɗe da gane cewa 'yan sanda ba za su iya tsare kowace gona ba. A 1972 aka kafa wata ƙungiyar yara masu sha'awar binciken kufai, wadda daga baya ta koma ƙarƙashin Majalisar Binciken Kufai ta Birtaniya, mafi yawan masu tafiyar da rassanta kuma 'yan sa kai ne. A 1997 aka fara wani shiri na gwaji a yankuna 6, inda aka sanya jami'an da duk wanda ya tsinci tsohon abu zai kai musu su rubuta shi. A 2003, da gudummawar asusun kayan gado na ƙasar, shirin ya game Ingila da Wales, kuma an rubuta abubuwa fiye da miliyan ɗaya ta wannan hanya. A Amurka, Cibiyar Binciken Kufai ta ƙasar ta riƙa ba rassanta ƙananan kuɗi domin shirya laccoci da bukukuwan yara, kuma a 2011 ta ƙirƙiro ranar binciken kufai a watan Oktoba.

Akwai kuma asusun da hannunsu ya kai ƙasashenmu. A 2001 Amurka ta fara Asusun Jakadu na Adana Al'adu. A 2004 Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya ya fara shirin ceto tsofaffin takardu, wanda ya ɗauki nauyin ɗaukar hoton rubuce-rubuce a Arewacin Nijeriya. A 2006 aka kafa Asusun Kayan Gado na Afirka, mai mazauni a Afirka ta Kudu. Irin waɗannan asusu sukan nemi ƙungiya mai rajista da asusun banki, da takardar da ta fayyace aikin da za a yi, da kasafin kuɗi, da rasidai da rahoto a ƙarshe. A nan ne ƙungiyoyinmu na gari suka fi samun cikas, domin sha'awa akwai, amma rubuta buƙata da riƙe lissafi sai an koya.

Abin da Ƙaramin Kuɗi Zai Iya Yi

A ganina, bai kamata mu zauna jiran na waje kaɗai ba. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa wajen farkon ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta, kuma da hannun jama'a aka ɗora ta. An sanya ta cikin jerin wuraren da Nijeriya ke nema wa rajistar UNESCO a 2007, tare da kufan Surame. Duk da haka na sha ganin inda aka ɗebi ƙasar ganuwa aka yi tubali, ko aka yanke ta aka yi hanya, kuma sau da yawa mai yin hakan bai taɓa samun wanda ya zaunar da shi ya gaya masa shekarunta ba.

An cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da mayar da shi. Yaran da suka tashi a tsakanin nan yanzu magidanta ne. Kuɗin da ake buƙata domin cike wannan giɓi bai taka kara ya karya ba. Kuɗin mota ne da za a kai aji ɗaya Gidan Makama ko zanen duwatsun Birnin Kudu. Kuɗin buga 'yar takarda ce da boko da ajami, mai hoton tsingaro da kashin maƙera, wadda za ta gaya wa manomi da mai haƙar rijiya cewa ya bar abu a inda ya gan shi, ya sanar da mai unguwa ko dagaci. Haka nan ana iya sayen allon sanarwa a kafa a bakin kufai, ko a biya fili na rabin sa'a a rediyo, ko a tara malaman tarihi na ƙaramar hukuma bita ta yini ɗaya. Ranar 18 ga Mayu, wadda ICOM ta ware wa gidajen tarihi tun 1977, ta dace da irin waɗannan ayyuka.

Dattawa kuma suna da aikin da babu mai yi sai su. Su ne suka san sunan kowane kufai, da inda tsohuwar kasuwa ta ci, da inda maƙera suka zauna. Malami da ɗalibansa za su iya ɗaukar wannan bayani a waya, su rubuta shi, su ajiye kwafi ɗaya a makaranta, ɗaya a wurin hakimi. Sai dai a kiyaye abu ɗaya: kada malami ya sa yara tono, domin tono aikin masana ne da izinin hukuma.

Kammalawa

Tarihin Nok da na Dufuna sun nuna cewa makomar kayan tarihi tana hannun wanda ya fara ganinsu. Saboda haka ina ba ƙananan hukumomi da masarautu da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai shawara su ware wani ɗan kaso kowace shekara, a riƙa ba makarantu bisa buƙatar da suka rubuta, a kuma nemi rasidi da rahoto. Makarantar da ta saba riƙe lissafin ƙaramin kuɗi na gida, ita za ta iya neman babban tallafi na waje. Da yayyafi kogi kan cika.