Iyaye a Shekarar Korona: Abin Lura Daga Tarihin Jiya-Jiya

 

A ranar 27 ga Fabrairu, 2020, aka tabbatar da ɓullar korona a Legas. Kafin ƙarshen Maris an rufe makarantu, daga baya aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi. Azumin shekarar 1441 ya kama cikin zafin Afrilu da Mayu, ga yara jibge a gida, ga neman abinci ya yi wuya. A lokacin ne gwamnonin Arewa suka shiga mayar da almajirai jihohinsu, gwamnatin Muhammad Badaru Abubakar kuma ta killace waɗanda aka kawo Jigawa a sansanin masu yi wa ƙasa hidima da ke Fanisau, Dutse.

An ƙirga waɗanda suka kamu da waɗanda suka rasu. Ni abin da nake so mu duba shi ne halin da iyaye suka shiga a garuruwa irin namu na Aujara. Magidancin da ke ci da guminsa kullum ya wayi gari ba na cefane. Uwa tana girki da bakin azumi, zuciyarta na wajen ɗanta da ke killace. Irin wannan damuwa ba ta da wurin sauka sai kan yara: tsawa, zagi, duka a kan laifin da bai taka kara ya karya ba.

Wasu na ɗaukar ƙuncin zuciya a matsayin raunin imani. Tarihinmu bai nuna haka ba. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, kuma yakan taƙaita sallah idan ya ji kukan jariri, don tausaya wa mahaifiyarsa. Wato kwanciyar hankalin uwa abin kulawa ne ko a tsakiyar ibada.

Annoba takan dawo: sanƙarau a 1996, korona a 2020. Don haka ɗan uwa, idan ta sake zuwa, karɓi ɗiban ruwa da karatun ƙannenka, ka zauna ka saurari mahaifinka, ka daina karanta wa mahaifiyarka jita-jitar WhatsApp. Idan rashin barci da damuwa suka daɗe, a haɗa addu'a da zuwa asibiti.

Allah Ya ji ƙan waɗanda suka rasu, Ya saka wa iyayenmu da Aljanna. Wassalam.