Gizo-gizo Mai Ƙaho na Angola: Yaushe Hujja ke Isa a Raɗa Suna?

A shekarar 2019 mujallar African Invertebrates ta buga bayanin wani ƙaton gizo-gizo mai zama cikin rami, wanda aka samo a dazuzzukan miombo na ƙasar Angola. John Midgley da Ian Engelbrecht, masana daga Afirka ta Kudu, su ne suka rubuta bayanin, inda aka raɗa masa suna Ceratogyrus attonitifer. An kamo shi ne a lokacin binciken da ƙungiyar National Geographic ta ɗauki nauyinsa a mafarin kogunan da ke shayar da fadamar Okavango. Mutanen yankin, masu jin harshen Luchazi, sun daɗe da saninsa, chandachuly suke ce masa. A littattafan masana ne kawai yake baƙo. Abin da ya ja hankalina shi ne, duk waɗanda aka gina bayanin a kansu mata ne. Namiji bai shiga hannu ba.

Wanda bai san wannan fanni ba zai ce to mene ne a ciki. Ai kuwa akwai magana. Launi da girman jiki ba abin dogaro ba ne wajen rarrabe nau'o'in gizo-gizo, domin suna sauyawa da shekaru da abinci da lokacin saɓa, ga shi kuma launin kan kwaranye in an jiƙa gawar a sinadarin adanawa. Gaɓoɓin haihuwa ake dubawa. A yawancin gizo-gizon da ke saƙa yana a sarari, mace na da wani tauraren faranti a ƙasan cikinta mai zane irin na nau'inta kaɗai. Masu zaman rami na rukunin Mygalomorphae, waɗanda fiƙoƙinsu ke sara ƙasa kamar gatari, ba su da wannan faranti. Abin da mace ke da shi 'yan jakunkuna ne na ajiye maniyyi a cikin jiki, sai an yanka an wanke kafin a gan su a madubin ƙara girma, kuma sau da yawa na wannan nau'in da na wancan kusan ɗaya ne. Shi ya sa masana ke neman namiji, su duba ƙululun da ke ƙarshen gajerun hannuwansa na kusa da baki, da ƙayar da ke ƙafarsa ta gaba.

Samunsa kuwa aiki ne. Mace kan yi shekaru a rami guda, ta lulluɓe bangonsa da yana. Namiji da ya yi saɓar ƙarshe sai ya bar rami ya shiga yawon neman mace, kuma ba ya daɗewa yake mutuwa. Mai haƙa rami mata zai yi ta samu. Mai binne kofuna a ƙasa don abin da ke yawo da dare ya faɗa ciki, maza zai tarar. A haka aka sha raɗa wa nau'i ɗaya suna biyu, na mace daban na namiji daban, sai bayan shekaru wani ya zo ya haɗe su.

Duk da haka, a ganina Midgley da Engelbrecht ba su yi gaggawa ba. Dangin Ceratogyrus, wanda Reginald Pocock ya fara bayyanawa a 1897, an san wasu nau'o'insa da ƙaho da ke fitowa daga tsakiyar gadon baya, daidai ɗan lotsawar da tsokoki ke maƙalewa ta ciki. A sauran nau'o'in ƙahon gajere ne mai tauri. Na Angola dogo ne, mai laushi, ya kwanta ta baya har kan ciki, kuma an gan shi a jikin mace fiye da ɗaya, don haka ba nakasa ba ce. Dokar raɗa wa dabbobi suna ta ƙasa da ƙasa ba ta shar'anta a kawo mace da namiji ba. Abin da take nema shi ne a faɗi alamar da ta raba nau'in da saura, sannan, tun daga shekarar 2000, a ayyana samfurin da sunan ya rataya a kansa, a kuma faɗi inda aka ajiye shi. Ƙahon ya biya wannan buƙata. Jinkiri ma na da nasa hatsarin, tunda abin da ba shi da suna da wuya ya shiga jerin halittun da doka ke karewa.

Inda nake jayayya shi ne da masu ganin gwajin DNA ya raba gardama ga sauran nau'o'in da ba su da irin wannan alama. Tun 2003 Paul Hebert na Kanada ya kawo shawarar a riƙa tantance halittu da wani ɗan yanki na ƙwayar gado da ake kira COI, mai tsawon haruffa kusan 650. A 2021 an kai ga buga sunayen nau'o'in zanzaro kusan 400 daga Kosta Rika a mujallar ZooKeys, galibi da jerin haruffan COI da hoto kawai, abin da ya tayar da ƙura tsakanin masana. Ko da an yarda hanyar ta yi wa zanzaro, ba ta dace da mai zaman rami ba. Ta wajen uwa kaɗai ake gadon COI. Uwar kuwa ba ta zuwa ko'ina, 'ya'yanta mata ma kusa da raminta suke haƙa nasu. Saboda haka garke biyu da rafi ko tudu ya raba za su nuna tazara mai yawa a wannan gwaji, alhali maza na iya ƙetarawa suna haɗa jininsu duk shekara. Gwajin labarin mata yake bayarwa, ya bar na maza. Wanda ya dogara da shi kaɗai zai wayi gari da nau'i guda a kowane tudu.

Akwai kuma wani aiki da ba a cika yabawa ba, na komawa ga tsofaffin kwalabe. A watan Afrilun 2022 kundin gizo-gizo na duniya da ke birnin Bern ya kai nau'i 50,000, kuma kafin mutum ya ce nasa sabo ne dole ya gwada shi da na dangin da aka riga aka sani. Samfurorin asali na Afirka da yawa suna Landan da Balin da Paris. Wasu da Embrik Strand ya bayyana sun ƙone a Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, sai 'yan layukan bayani da ba su isa a gane komai ba. Mai bincike a Luwanda na iya haƙo gizo-gizo a bayan garinsu, amma sai ya nemi biza da kuɗin jirgi, ko ya roƙi a ɗauko masa hoto, kafin ya san ko Pocock ya riga shi gani.